Sunan da Inna Ba Ta Faɗa

Lahadi, 5 ga Janairu, bayan la'asar

An ba ni sabon fasinja. Fu'ad, mai kula da aikin a kamfaninmu na talla, ya kira ni ofis da safe, ya ce sati uku zan yi ina yawo da wani mawaƙi daga ƙasar Sin, duk inda ya nuna in kai shi. Kamfanin da muke yi wa talla zai shigo da sabon iyafis Saudiyya, suna son waƙar da aka haɗa da sautin garin Riyad. Na ce to. Ni direba ne, ko akuya aka ce in zaga da ita gari zagawa zan yi.

Na je otal ina tsammanin mai sarƙa a wuya da baƙin gilashi. Sai ga wani ramamme da jakar goyo da takalmin roba, riƙe da rikoda mai gashi a kai kamar bushiya. Sunansa Tang. Na ce masa Tanko ya fi daɗi a baki. Ya maimaita, ya yi dariya, ya karɓa. Turancinsa gurgu ne, nawa ma da sanda yake tafiya, don haka waya ce ke yi mana tafinta.

Gaba ya shiga ya zauna kusa da ni. A shekarun da na yi ina tuƙi a garin nan, baƙin kamfani baya suke zama.

Talata, 7 ga Janairu, azahar

Wannan mutum ko dai waliyyin kunne ne ko kuma akwai motsi a kansa.

Na kai shi unguwar Olaya ya ga dogayen gine-gine, ko ɗaga kai bai yi ba. Muna shiga Suwaidi ya dafa min hannu, in tsaya, in kashe inji. Me ya gani? Mai sayar da gas ne ke buga tukunya da sifana. Tanko ya durƙusa a bakin titi ya miƙa bushiyarsa, ya rufe ido. Daga nan sai wuƙar mai shawarma, sai ƙofar shago da ake ja ƙasa, sai tattabaru a wani soro a Jaradiya. Tattabarun nan sun ƙi tashi, shi ma ya ƙi tashi, har na gama shayi na sake karɓar wani. Da suka tashi ya sa min iyafis a kunne. Wallahi na ji kowane fiffike daban. Shekara nawa ina wuce lungun nan, ban taɓa sanin yana da murya ba.

Abin da ya fi burge ni: da aka fara kiran salla ya dube ni ya nuna rikodar. Na girgiza kai. Ya kashe ta ya jefa a jaka, bai nemi dalili ba. Da la'asar ban ma yi magana ba, ladan na gyara murya ya kashe da kansa.

Alhamis, 9 ga Janairu, da hantsi, ina jiransa a gaban otal

Jiya na tambaye shi wane ne ubangidansa a waƙa. Ya ce babu. Shi ke rubutawa, shi ke kaɗawa, shi ke haɗawa a laftof a ɗakin da yake haya a garin Kunmin can ƙasarsu, shi ke ɗorawa a manhajojin sauraron waƙa. Manyan kamfanoni sun taɓa nemansa, suka ce ya gajarta waƙoƙinsa ya sa amshi tun a farko don kada mutane su wuce. Ya ce musu wanda zai wuce ya wuce.

Ya buɗe min shafinsa na mawaƙi. Akwai taswirar duniya, kowane gari da adadin masu sauraronsa. Garuruwansu sun yi ja. Riyad mutum huɗu. Na ciro wayata na nemo shi na danna, na ce ya duba gobe. Yau da safe ya turo min hoto: biyar.

Ban san me yake faɗa a waƙoƙin ba, amma akwai wadda ya gina a kan ƙarar keken ɗinkin mahaifiyarsa. Sau uku na ji ta a hanyar Shifa. Zaituna ta ce tun da na auro ta ba ta ga na nace wa abu haka ba in ba ƙwallo ba.

Duk daren Asabar yana yin waƙa kai-tsaye daga wayarsa, fitila ɗaya, ƙaramin akwatin sauti, mutanensa na turo masa furanni na hoto da ake mayarwa kuɗi, shi kuwa yana kiransu da sunayensu ɗaya bayan ɗaya. Da wannan yake ci. Aikin iyafis ɗin nan shi ne babban aiki na farko da ya taɓa samu. In ya yi kyau za su wuce da shi wasu ƙasashen Larabawa.

Lahadi, 12 ga Janairu, bayan magariba

Yau Inna ta shigo motata.

Kullum da safe tana aiko wa Zaituna saƙon murya daga Kazaure, waƙar raino ga jikarta Amal. Zaituna take aika wa, ba ni ba. Ni ɗan fari ne. Inna ba ta taɓa kiran sunana ba tun da na yi wayo. "Wancan" nake, in ta so ni ƙwarai "uban yarinya". Ko a waya in na gaishe ta, amsawa take kamar mai amsa wa mai karɓar kuɗin wuta. Ba ƙiyayya ba ce, kowa ya san kunya ce, kuma tata ta fi ta kowa a dangi. Zaituna ke turo min saƙonnin in ji.

To wayata na haɗe da sifikar mota, na danna ban yi tunani ba. Muryarta ta cika motar:

"Yi barci 'yar gidan nisa,
Hadari ya haɗo gabas,
Kaza ta shige akurki,
Ke ma shige bayan uwarki."

Waƙar na ƙarewa na kai hannu zan kashe kamar kullum, don Inna ba ta iya tsayar da ɗauka ba, saƙon sai ya yi ta ja da kukan kaji da motsin tabarma. Na juya na ga Tanko ya daskare. Ya rubuta a waya ya nuna min: "Wace ce? Ban taɓa jin murya mai tafiya a hankali haka ba tare da ta faɗi ba."

Kaina ya kumbura. Na ce uwata ce. Ya ce ya so ta ƙwarai. Ni kuma na yi abin da kowane ɗan gidan mutunci ke yi in baƙo ya yaba abu: na ce ɗauka, na ba ka. Na ma tura masa saƙon gaba ɗaya. Ya haɗa hannu biyu ya sunkuya min.

Na dawo gida ina jin daɗi, na ci tuwo malmala biyu.

Talata, 14 ga Janairu, azahar

Suna ciki suna taro, ina waje ina goge mota.

Fu'ad Bahaushe ne a jini, amma a Jaradiya aka haife shi, Hausarsa rabi ce, rabin ma da Larabci aka ɗinke ta. Yaron kirki ne, sai dai komai a wurinsa talla ne. Da safe yana yi min lacca: "Basiru, ba iyafis muke sayarwa ba, feeling muke sayarwa. In mutum bai tsaya ba a farkon bidiyo, khalas, ya tafi." Na ce Allah ya ba da kasuwa.

Yanzu ya fito ya rungume ni har yana ɗaga ni. "Mabruk! Gobe akwai mufaja'a gare ka, ba-zata." Na tambaye shi mece ce, ya ce in na sani ai ba ta zama mufaja'a ba.

Laraba, 15 ga Janairu, bayan la'asar

Ban san ta ina zan fara ba.

A bufiyar Shifa nake, ɗan shagon shayi da burodi, na sa sandwic a baki, Maulud direban makaranta ya miƙo min wayarsa yana dariya. "Basiru, ka zama ɗan fim ba ka gaya mana ba?" Ɗan gajeren tallan ɗanɗano ne da kamfani ya saki da safe. Tattabaru, tukunyar gas, kiɗan Tanko a ƙasa, sai muryar Inna. Waƙar ta wuce. Sai kiɗan ya yi ƙasa, sai ga ta ita kaɗai, can ƙasa-ƙasa, irin maganar da mutum ke yi in ya tabbata babu kowa:

"Allah ka tsare min Basiru. Basiruna."

A wutsiyar saƙon yake, cikin kukan kaji, inda ni nake kashewa. Tanko ya wanke sautin da na'urarsa ya ɗago shi sama. Fu'ad ya ji sunana ya ce a sa wannan wurin, don ya karrama ni.

Sandwic ɗin ban san inda ya shiga ba. Na fita na zauna a mota. Na yi kuka, ba zan ɓoye ba, kukan daɗi ne, shekara talatin da bakwai ina jiran wannan kalma ban san ina jira ba. Ban gama share hawaye ba na tuna a wayar Maulud na ji ta. Abin da Maulud ya gani kuwa duniya ta gani.

Alhamis, 16 ga Janairu, da safe

Saƙon Amal bai zo ba.

Alhamis, bayan magariba

Muhibba ta kira. Ƙanwata ba ta iya zagaye ba. Ta ce tallan ya isa Kazaure tun jiya. Yau an yi suna a gidan maƙwabta, wata yarinya ta kunna shi a tsakar gida, mata cike. Aka ɗauki guɗa. Ƙawayen Inna suka yi ta "Basiruna, Basiruna" suna tafi, wata ta ce ashe duk kunyar ta baki ce. Inna ta ɗauki mayafinta ta fita ba takalmi.

"Yaya, me ka yi haka? A talla? Tsohuwar nan ko a hoton biki ba ta tsayawa."

Sauran abin da ta faɗa ba na rubutawa ba ne. Na ce ta ba Inna wayar. Ta ce Inna ta sa wayarta a ƙasan akwati ta ɗora tabarma a kai.

Juma'a, 17 ga Janairu, bayan masallaci

Shiru. Amal ta yi ta miƙa hannu ga wayar uwarta da safe. Zaituna ta kunna mata tsohon saƙo, ta yarda, yara ba su san bambanci ba. Ni na sani.

A harabar masallaci mutum uku suka kira ni da sunan. Na yi musu murmushi. Allah ya isa tsakanina da bakina.

Asabar, 18 ga Janairu, da safe

Shiru.

Lahadi, 19 ga Janairu, bayan la'asar

Na fara da Fu'ad. Na shiga ofishinsa ban yi sallama ba. Ya buɗe laftof yana nuna min yadda abin ke hawa, ya ce ba su taɓa samun tallan da aka yi ta turawa haka ba. Na ce uwata ta daina magana. Ya ce, "Lesh, don me? Ai addu'a ta yi maka, wallahi jamil, abu mai kyau!" Na ce ni ɗan fari ne. Ya dube ni yana jiran in ƙarasa. Bai sani ba! Bahaushe, ɗan Bahaushe, bai san uwa ba ta kiran sunan ɗan fari ba. Shi uwarsa "habibi Fu'ad" take ce masa a gaban baƙi. Na ɗaga murya, na gaya masa maganar da ba ta kamata ba game da Hausarsa. Idonsa ya kawo ruwa. Daga baya ya ce abin ya fi ƙarfinsa, kamfanin masu iyafis sun riga sun ce a kan muryar nan za a gina komai.

Tanko na bari ƙarshe don shi nake jin nauyi. Ni na ce ya ɗauka. Na tsayar da mota a gefen titi a Suwaidi, na yi ta magana a waya tana juya masa. Wayar ta rasa yadda za ta yi da kalmar kunya, sai da na bi ta hanya uku. Na ce a wurinmu in baƙo ya yaba abu ana cewa "na ba ka", shi kuma ya ce "na gode, bar shi a wurinka". Na ce sunan nan da ya ɗago, ba a yi shi don kunnen kowa ba.

Sai ya rubuta: "Na ji ta rage murya a wurin. Na ji, kuma na ɗaga. Aikina ne in san abin da rage murya ke nufi."

Ban ce laifinsa ba ne, shi ma bai ce nawa ba ne. Ya ce in kai shi ofis.

Litinin, 20 ga Janairu, azahar

Yau na shiga taro, karo na farko. Tanko ne ya ce ba zai zauna ba sai da ni. Akwai Madam Luwo, wakiliyar masu iyafis, mace mai kaifi, ba muguwa ba ce. Ta ce za su biya Inna, za su sa sunanta a matsayin mawaƙiya, za su aika mata kyauta har gida. Na ce ranki ya daɗe, wannan ai ƙara wa wuta fetur ne.

Suka koma yarensu. Ban ji ko kalma ba, amma na ga komai. Ita tana nuna allo, shi yana girgiza kai. Ta ɗaga murya, shi ya rage tasa. Ya juyo da laftof ɗinsa ta gani, ya danna layin muryar Inna a cikin waƙar, ya goge. Ya shiga inda yake ajiyar kayansa a intanet ya goge na can ma. Fu'ad ya dafe kai.

A mota ya ba ni labari. Ranar Alhamis za a ƙaddamar da waƙar kai-tsaye, zai yi, don ya riga ya sa hannu a yarjejeniya. Amma zagayen sauran ƙasashen an cire shi, za su nemo wani. Na ce Tanko, wannan fa shi ne aikin da ka ce zai fitar da kai daga ɗakin haya. Ya ɗaga kafaɗa ya rubuta: "Ɗakin yana da sauti mai kyau."

An sauke tallan daga shafukan kamfani. Ihu bayan hari, yana wayar kowa. Amma dai an sauke.

Ban taɓa ganin mutum ya ajiye abincinsa a ƙasa cikin natsuwa haka ba, saboda tsohuwar da bai taɓa gani ba. Ina jin kunyarsa, ina kuma sonsa.

Talata, 21 ga Janairu, da hantsi

Shiru daga gida.

Tanko ya ce in koya masa ban haƙuri da Hausa. Muka zauna a mota yana maimaitawa kamar ɗan aji ɗaya. Kunnensa ya kama hawa da saukar muryarmu fiye da Fu'ad, amma harafin ƙ ya gagare shi. Abin da muka ɗauka ke nan: "Inna, ina kwana. Ni ne Tanko, baƙon ɗanki. Ni na ɗaga muryarki. Na goge. Ki yi haƙuri." Da farko ya sa sunana a ciki, ya tsaya da kansa ya ce a'a, a cire. Ya riga ni ganewa.

Na tura wa Muhibba.

Laraba, 22 ga Janairu, bayan azahar

Muhibba ta ce ta kunna mata. Inna tana tsince shinkafa, ba ta ɗago ba. Da ya ƙare ta ce a duba ko an ba kaji ruwa.

Zaituna ta ce in ci abinci. Na ce na ci. Ta ce ƙarya ba ta yi min kyau.

Alhamis, 23 ga Janairu, bayan magariba

An yi.

Da rana aka yi don ya dace da daren mutanen Sin. A saman wani gini a Jaradiya, fitilu, kyamarori uku, Fu'ad na kai da komo da waya biyu. Tanko ya ƙi kujerar da aka kawo masa, ya zauna a kan akwatin kayansa. Allon gefe na nuna saƙonnin masu kallo suna gudu kamar tururuwa, furanni na ta tashi.

Waƙar ta fara da ƙofar shago. Wuƙar mai shawarma ta zama ganga, tukunyar gas ta shigo, tattabaru suka tashi. Garin da nake tuƙi a ciki kullum ina tsaki, ga shi ya zama abin da mutum zai yi kewa. Sai aka zo wurin da Inna take. Na san wurin.

Bai cike shi da komai ba. Ya ɗauke hannu daga kayan kiɗan ya ɗora a gwiwa. Babu abin da ke tashi sai hucin iyakwandishan ɗin motata, wanda ya ɗauka ranar farko. Tsawon waƙarta, tsawon addu'arta, haka ya zauna. Madam Luwo ta dubi mai sauti ko waya ce ta cire. Saƙonnin allo suka tsaya, sannan suka ɓarke. Daga baya ya ɗaga kai ya yi magana da yarensu, ya ci gaba da kiɗa.

Na tambayi mai fassara me ya ce. Ya ce: "Nan wurin wata ne. Ba ta ba ni ba."

Kafin mu gama naɗe wayoyi Fu'ad ya riga ya rubuta sabon taken talla a kan shiru da yadda iyafis ɗin ke toshe hayaniya. Madam Luwo ta ce ya yi. Ɗan talla ko a makabarta ka ajiye shi sai ya samo abin sayarwa. Amma da zan tafi ya biyo ni har mota ya ce, "Yaya Basiru, samihni. Na tambayi babata, ta ce haka ne, ita ma uwarta ba ta taɓa kiran sunan yayanta ba." Yau ya fara ce min yaya. Na ce ya wuce, ni ma ya yafe min abin da na faɗa.

Asabar, 25 ga Janairu, da hantsi, filin jirgi

Ya tafi. Sabuwar shekararsu ta kusa, yana son ta same shi a gaban uwarsa. Na tambaye shi ita tana kiran sunansa? Ya ce tana kira, amma in tana son ta ce tana ƙaunarsa sai ta ce ya rame.

Ya ba ni iyafis ɗin da kamfani ya ba shi, da ɗan memori a naɗe a takarda. Ya ce muryar da ya wanke ce, babu wani kwafi a wurinsa, tawa ce. Na yaba jakarsa don in gwada shi. Ya ce da Hausa, "Na ba ka." Na ce na gode, bar ta a wurinka. Muka yi dariya har wani askari ya juyo.

Na dawo mota ni kaɗai. Kujerar gaba ta yi faɗi. Daga gida har yanzu shiru.

Litinin, 27 ga Janairu, da safe

Saƙon Inna ya zo!

Ina ɗaure takalmi Zaituna ta fito daga ɗaki da gudu, Amal a kafaɗa. Muka tsaya a bakin ƙofa mu uku.

"Zaituna, kun tashi lafiya? Ya 'yar mutuniyata? Ki ce wa wancan ya gai da baƙonsa. Yaron yana da tarbiyya, a gaya wa uwarsa." Sai ta yi wa Amal waƙa, sabuwa, a kan ɗan maraƙi da ya ɓata ya dawo.

Wancan! Ban taɓa jin daɗin kalma kamar yau ba. Na ce Zaituna ta sake kunnawa.

A karo na biyu na lura. Waƙar na ƙarewa saƙon ya yanke, ƙat. Babu kaji, babu tabarma. Ashe ta iya kashewa.

Talata, 28 ga Janairu, azahar, a mota

Jiya na ce wa Zaituna, ashe Inna ta iya tsayar da ɗauka. Ta dube ni irin kallon da take yi min in na nemi hular da ke kaina.

"Tun ranar da Muhibba ta koya mata ta iya. Kai a ganinka don me nake turo maka kullum? Waƙar raino ce ba ka taɓa ji ba? Ni ba zan iya gaya maka ba, ba bakina ba ne. Na yi ta jira ka bari ya kai ƙarshe, kai kuma kullum kana sauri."

Yanzu ina bayan wani masallaci a Shifa, na sa iyafis ɗin Tanko. Na koma kan tsofaffin saƙonnin tun watan da aka haifi Amal. Sai an ƙure sauti, sai an yi haƙuri da kaji. Yana nan. A na farko yana nan, a na biyu yana nan. Wata rana a tsare ni daga hatsarin mota, wata rana a ba ni lafiyar baya, wata rana sunan kawai. Na ji har batirin ya mutu ban kai rabi ba.

Na tura wa Tanko gaisuwar Inna. Ya amsa da hoton keken ɗinki da hannun wata tsohuwa a kai. Ya ce Riyad ta koma mutum biyar bayan hayaniyar talla ta lafa, kuma ya san na biyar ɗin.

Laraba, 29 ga Janairu, da safe

Ya zo. Ya yanke a ƙarshen waƙa.

Alhamis, 30 ga Janairu, da safe

Haka. Ba na ƙorafi. Kowa ya ɗebo da zafi bakinsa.

Juma'a, 31 ga Janairu, kafin masallaci

Zaituna ta turo na yau. Na duba tsawonsa, ya fi na jiya. Na cire wayar daga sifikar mota, na ɗaga gilashi, na kashe inji. Waƙar ta ƙare, kaji suka fara, na ɗora hannuna a gwiwa na jira.